Baƙuwa a Garin da Ba A Kulle Ƙofa

Rana ta yi ja tana shirin faɗuwa, matar direba tana tsakar gida tana kwashe shanya daga igiya, 'yarta Auta kuma tana durƙushe a bakin rijiya tana wanke kwanuka. Daga masallacin bayan gida ana jin ladan yana ƙwanƙwasa lasifika da yatsa. Kaji sun fara hawa katanga. Babu abin da ya raba wannan yammaci da sauran waɗanda suka gani tun da suka tare a gidan, sai da dutse ya sauka a kan kwanon rufi.

Uwar ta ɗaga kai, ta ce yaran unguwa ne ke jifan tsuntsu. Kafin ta rufe baki wani ya faɗo cikin bahon da Auta ke wanke-wanke, ruwan ya fantsamar mata a fuska. Ba daga bayan katanga ya zo ba. Daga sama ya sauko a miƙe, kamar an sake shi daga hannu. Da yarinyar ta ciro shi sai ta yar, ta ce zafi gare shi.

Direba ya fito daga ɗaki, alwala ba ta bushe a hannunsa ba, ya zagaya gidan da sauri. Bai ga kowa ba sai tsohuwar da ke maƙwabtaka da su tana ɗaure akuyarta. Ya tambaye ta ko ta ga masu jifa. Ta dube shi kamar ya yi mata wani yare, ta ce ita tun da aka kawo ta garin nan ba ta taɓa jin an jefi gidan wani ba.

Gaskiya ta faɗa, kuma abin da ya kawo shi garin ke nan. Shi mai jan motar kaya ne, babu ƙaramin gari a faɗin jihar da bai sauke buhu a cikinsa ba. Bayan 'yan bindiga sun shiga ƙauyensu sun ƙone rabinsa, bayan an nemi babban ɗansa an rasa, ba gawa ba labari, sai ya zauna ya auna garuruwan nan ɗaya bayan ɗaya a ransa. Wancan yana bakin daji. Wancan yana kan babban titi, kowane irin mutum na ratsa shi. Wancan kuma an taɓa sace limaminsu. Wannan ne kaɗai ya tsira daga zarginsa. Hanya ɗaya ce ke shiga, kogi ya kare bayansa, mutanensa suna barin babur a waje har gari ya waye. Direbobi a tasha kan yi dariya su ce 'yan sandan garin ba su da aiki sai kiwon zabi. Da ya kawo iyalinsa ya nemi kwaɗo zai sa wa ƙofa, sai da ya zagaye kasuwa bai samu mai sayarwa ba.

Daga wannan rana jifa ya zama na kullum. Da rana gidan lafiya lau, da inuwa ta fara tsawo sai a soma. Duwatsun ba su taɓa samun mutum ba, amma sun fasa randa, sun huda rufin kicin, sun kashe kaza a gaban idonsu. Maza suka hau katangu suka yi gadi, suna kallo duwatsu na saukowa daga inda babu kowa. A hankali masu zuwa jaje suka ragu, masu tsayawa daga nesa suna nuna gidan da baki suka ƙaru.

Sai kuma murya. A ɗakin ajiya take fitowa, inda suka jibge kayan da suka tsira da su daga ƙauye, har da wani tsohon akwatin katako da ba su sake buɗewa ba. Ba magana ba ce sosai. Kamar tsohuwa ce ke kuka a hankali, tana toshe baki kada a ji ta. In an tura ƙofar sai ta yi shiru, sai warin hayaƙi da ba a san inda ya fito ba.

Auta yarinya ce mai surutu, 'yar shekara goma sha biyar, wadda ko a kwanakin gudu ita ce ke ba uwarta dariya. Sai ta daina magana. Ta daina cin abinci sai an matsa mata, wuyan rigarta ya fara yi mata yawa. Wata rana gab da magariba uwar ta shiga ɗaki ta tarar da ita ta shimfiɗa zani a ƙasa, tana tattara kofuna da takalma tana ƙullewa. Ta kira sunanta, ba ta juyo ba. Ta dafa kafaɗarta, sai yarinyar ta ɗago, da wata murya mai kaushi wadda ba tata ba ta ce, "Ki yi shiru. Za su ji mu."

Daga nan ta rarrafa ta shige ƙarƙashin gado, ba ta fito ba sai da duhu ya rufa.

Direba ya kai ta asibitin garin. Ma'aikaciyar jinya ta auna ta, ta ce babu zazzaɓi, wataƙila firgicin abin da ta gani a ƙauye ne yake taso mata, ta ba da maganin barci. Auta ta sha, ta yi barci da rana, da yamma ta yi, ta sake ƙulle kaya.

Mai gidan da suke haya ya zo da kansa, dattijo mai kunya, ya zauna a zaure ya daɗe yana gaisuwa. Ya ce shi ba korarsu yake yi ba, Allah ya sani. Amma mutane sun sa shi gaba. Mata sun daina aiken yara ta wannan layi, kuma a karon farko wani ɗan kasuwa ya kawo kwaɗuna, har sun ƙare. Ya ce garin nan ba shi da ma'adini, ba shi da masana'anta, kwanciyar hankali ce kaɗai dukiyarsa. Direba ya saurare shi kansa a ƙasa. Ya so ya ce masa in nan ma ya ƙi su to ina ya rage, amma bai ce ba. Ya roƙi a ba shi ɗan lokaci.

Tsohuwa mai akuya ce ta yi masa kwatancen wani malami a ƙetaren kogi. Ta ce ba ya duba, ba ya ba da laya, karatu kawai yake yi. Direba ya zagaya ta gada ya ɗauko shi da mota bayan la'asar. Siririn mutum ne mai tabarau da tari, ba shi da kwarjinin da direba ya zata. Ya nemi ruwa a kofi da tabarma, ya ce uwar ta zauna ta riƙe 'yarta, uban ya tsaya a bakin ƙofa.

Ya fara karatu a hankali, muryarsa ba ta wuce ɗakin ba. Aka daɗe babu abin da ya faru. Hasken taga ya koma ruwan toka. Can sai yatsun ƙafar Auta suka fara lanƙwashewa, numfashinta ya yi nauyi, a kan rufi kuma duwatsu suka soma sauka fiye da kullum. Malam bai ɗaga kai ba. Ya tofa a ruwan ya yayyafa mata, sai ta yi wata ƙara ta sandare, idanunta a buɗe amma ba sa kallon kowa.

Ya tambayi wane ne a jikin yarinyar. Muryar tsohuwar nan ta amsa, ta ce ita mace ce, kuma ba 'yar garin nan ba ce. A tsohon rumbun da ke bayan gidansu na ƙauye take zaune tun kafin a haifi direba, ba ta taɓa cutar da kowa ba. Ranar da aka sa wa rumbun wuta ta rasa inda za ta nufa, ta shige akwatin katako, aka ɗora ta a mota tare da kaya.

"Kun ɗauka ku kaɗai aka kora?" in ji ta.

Malam ya tambaye ta dalilin jifa. Ta yi wata dariya mara daɗi, ta ce ba ita ke jifa ba, ita ake jifa. Aljanun garin ne, ba sa son baƙo, halinsu ɗaya da mutanensu. Sun hana ta kowane kango da kowace bishiya. Jikin yarinyar nan ne kaɗai inda ba sa iya kai mata.

Ya ce mata wanda aka zalunta ba shi da izinin zaluntar wani, kuma yau za ta fita, ko da lalama ko da ƙuna. Ya ci gaba da karatu. Jikin Auta ya yi ta murɗewa a hannun uwarta, gumi ya jiƙa mata riga. Sai muryar ta ce a dakata, tana da abin da za ta bayar. Kan yarinyar ya juya a hankali, ya fuskanci uwar.

"Na ga ɗanki a ranar. Na san inda aka bi da shi, na san abin da ya same shi. Ku bar ni a nan zuwa kaka, in gaya miki."

Ɗakin ya yi tsit, har jifan ya tsaya. Malam ya ce wa uwar kada ta saurara, irinsu suna haɗa gaskiya ɗaya da ƙarya ɗari. Muryar ta ce ashe ƙarya ce yaron ya fita da tsohuwar rigar ubansa mai ƙunar dutsen guga a hannun hagu, wadda uwar ta hana shi sawa ya ƙi ji? Uwar ta saki wani sauti daga maƙogwaro. Direba ya dafa ƙofa. Babu wanda ya san zancen rigar nan sai su.

"Yana da rai?" uwar ta tambaya.

"Ki ce in zauna tukuna."

Malam ya cire tabarau ya goge. Bai yi wa uwar tsawa ba. Ya ce shi ba zai iya rantse mata cewa aljanar ƙarya take yi ba, don bai sani ba. Abin da ya sani shi ne yarinyar nan ba za ta kai kaka a haka ba. Ya ce in uwa ta ba da izini, karatunsa ba zai yi tasiri ba, saboda haka magana tana bakinta.

Uwar ta dubi mijinta. Ya kasa haɗa ido da ita. Ta mai da kallonta kan hannun da take riƙe da shi, ta ga yatsunta biyu sun zagaye tsintsiyar hannun Auta har da saura. Ladan ya fara kiran salla.

"Fita daga jikin 'yata," in ji ta. "Ki tafi da labarinki."

Muryar ta yi kuka irin wanda suka saba ji daga ɗakin ajiya, ta tambayi ina za ta je. Malam ya ce akwai tsohon gidan ma'aikatan hanya a ƙetaren kogi, babu mutum babu mai shi, a kai mata akwatinta can. Ya sa ta yi rantsuwa ba za ta dawo ba, ba za ta taɓa wani ɗan Adam ba. Ta rantse. Auta ta yi atishawa mai ƙarfi, jikinta ya saki, ta zube a cinyar uwarta. Da ta buɗe ido sai ta ce ƙishirwa take ji.

Kafin duhu ya gama rufawa direba ya ɗora akwatin a bayan mota. Malam ya zauna a gaba. A hanya direba ya tambaye shi ko da gaske aljanar ta san inda yaron yake. Malam ya ce Allah ne masani, kuma ya shawarce shi kada ya sake yi wa kowa wannan tambaya, har da kansa. Suka ajiye akwatin a cikin kangon, suka juyo ba su waiwaya ba.

Jifa bai sake sauka ba. Mai gida ya aiko a ce su yi zamansu. Maƙwabta suka dawo gaisuwa, wasu da 'yar kunya, yara suka koma bin layin. Auta ta fara cin abinci, kumatunta suka ciko, har ta koma makaranta. Ba ta tuna komai ba. Uwar ta tambaye ta sau ɗaya, cikin dabara, ko ta yi wani mafarki a kwanakin ciwonta. Ta ce a'a.

Direba ne ya fara lura da abin da ya rage. Duk yammacin da ya dawo da wuri, sai ya tarar matarsa ta bar aikin da take yi ta zo ta zauna kusa da Auta. Bakin yarinyar kawai take kallo, tun rana na ja har a kira salla, kamar mai jiran a buɗe wata ƙofa. Ya gane abin da take jira, ya rasa yadda zai yi mata magana, don shi ma wani lokaci yakan tsaya daga zaure ya kasa kunne.

Wata rana Auta tana karatun makaranta a kan tabarma, ta ɗago ta ga idon uwarta a kanta. Ta rufe littafin. Ta matso ta kama hannunta, ta riƙe shi da hannu biyu.

"Umma, ni ce," ta ce a hankali. "Ni kaɗai ce."

Uwar ta gyaɗa kai, ta ce ta sani. Ta jawo 'yarta ta rungume, ta kifa fuska a kafaɗarta, sannan ta yi wa ɗanta kukan da ta ƙi yi tun ranar da suka baro ƙauye.