Wa Ya Kashe Injin Surfanin Haji Liyakat?

Da safiyar Litinin injin surfanin Haji Liyakat da ke kasuwar Multan ya ƙi motsi. Manhajar da ke tura masa zane daga kwamfuta ta ƙi buɗewa, ga kayan amare jibge suna jira. Kafin Sufeto Mazhar Khosa ya iso, Haji ya riga ya yanke hukunci. Ya ci kwalar Tanwir, mai zana masa furanni, yana shelanta wa 'yan kasuwa cewa abokan hamayya sun saye shi. A kasuwar nan kuwa, wanda aka kira maci amana a bakin shago, ko allura ba mai sake damƙa masa.

Mazhar ya fara da mai gadi.

"Wa ke iya shiga in an rufe?"

"Yallaɓai, makulli biyu ne, na Haji da na Tanwir. Ni ko wayata sai jikata ta kunna min."

Mazhar ya juya ga Tanwir, wanda idanunsa suka kaɗa suka yi ja.

"An ce abokan hamayyarku, su Kureshi, sun yi maka tayin aiki."

"Sun yi, na ƙi. Yallaɓai, duba mana, zanena duk suna nan. Abin da aka cire wata manhaja ce da ba a buɗe ta, amma tamu a kanta take zaune. Kamar dutsen murhu ne, ba a cin sa, amma janye shi ka ga tukunya."

Mazhar ya zauna gaban kwamfutar. Ashe ba manhajar kaɗai aka cire ba, har wasan kati da wata tsohuwar kalanda sun tafi. A saman allon kuma ga 'yar kyamara sabuwa fil, ko ledarta ba a gama ɓarewa ba.

"Haji Sahib, wa kake kallo da wannan?"

Nan take fuskar tsohon ta washe, kamar ba shi ke tada jijiyar wuya ba.

"'Yata Rubina ce ta haihu can a Sharja. Namiji! Wayata ƙarama, ido kuma ya gaji. Jiya da muke hutu na zo, surukina yana kwatanta min ta waya, don in ga jikana a babban allo."

"Kwamfutar ta yarda?"

"Ina! Wai ta cika. Sai na share tarkacen da ba ma..."

Sai ya tsaya, ya kalli allon, ya kalli Tanwir.

Mazhar ya ji tausayinsa, ya sassauta murya. "Mai son ɓarna ai zanen zai goge. Wanda ya haɗa har da wasan kati, wuri yake nema. Tanwir ya san ba a cire irin wannan sai an duba me ke dogara da ita. Kai ka ga ba a buɗe ta, ka ɗauka ba ta da aiki."

Haji ya zube kan damin yadi. "Tanwir, ɗana..."

"Manhaja mai sauƙi ce, Haji Sahib, kafin azahar zan mayar da ita," in ji Tanwir. "Sunana fa, wa zai mayar?"

Tsohon ya miƙe, ya cire hularsa, ya fita bakin shago inda 'yan kallo suka fara watsewa.

"Jama'a, ku dawo!" ya ce da ƙarfi. "Sufeto ya kama mai laifin. Ga ni nan."