Ledar Bayan Ƙofa

Ranar da ya fara shigowa rumfarsu, Auta na zaune a kan bokiti, ta gaji har sallama ma da kyar ta amsa. Wata biyar ke nan tana cusa garin katako a leda, tana zuba iri, tana yayyafa ruwa. Farin zare ya cika ledojin, amma ko naman kaza ɗaya bai fito ba.

Daga ɗakin gwaji aka turo shi ya duba. Ya kalli ledojin, ya kalle ta, kallon nata ya fi daɗewa. Nan take ta raɗa masa suna Mai Tabarau.

"Ina kuka samo irin?"

"Baba ya cira daga naman kaza ɗaya, mafi kyau. Wai kada a gurɓata shi da na waje."

"Ai nan gizo ke saƙa. Zaren nan ba ya haihuwa sai ya haɗu da wanda ba irinsa ba. A cikin 'yan uwansa huɗu, ɗaya kawai yake karɓa, bare kuwa kusan kowa. Waɗanda suka yi ta auren gida tun fil azal sun raunana, masu auren bare ne suka rage."

Da ya turo magabatansa neman aurenta bayan wata uku, Baba ya ce atafau. "Ban san asalinsa ba. Ga ɗan gwaggonki nan, na gida." Irin da ya kawo ma, Baba ya hana a taɓa.

Sai Mai Tabarau ya yi shiru mako uku. Auta ta rame, ta gaji da kuka, ta gaji da jira, ta ɗauka ya haƙura da ita. Sai ga saƙo:

"Autata, ban gudu ba, iri nake raino. Na bar kwalbar irin a wurin mai gadin rumfarku. Haɗa shi da na Baba a leda ɗaya. In ba ta yi ba, ba ni da sauran hujja sai sonki."

Ta haɗa, ta ɓoye ledar a bayan ƙofa.

Baba ne ya gano ta wata safiya yana neman tsintsiya. Naman kaza ya fasa ledar ta ko'ina, fari tas. Ya daɗe a tsugune.

"Wannan fa?"

"Rabi naka ne, Baba. Rabi nasa."

Ya dubi sauran ledojin da ba su ba shi komai ba, ya sauke numfashi. "Na gaji, Auta. Ke ma na ga kin gaji. Ki ce ya sake turo magabatansa."

Ranar ɗaurin aure, Baba ya riƙe hannun ango ya ƙi saki.

"Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zuri'a ɗayyiba. Gobe ka zo da sauran irin nan, ɗana. Leda ɗari biyu ke jiranka."