Saƙon da Ya Riga Baba Isa

Da safe Kaka ya rasu, a kan gadon da ya daɗe yana jinya. Auta tana tsaye a bakin ƙofa da kayan makaranta a jikinta. Ta ga Baba ya ja mayafi ya rufe fuskar mahaifinsa.

Mama ta share hawaye, ta miƙa mata waya. "Riƙe min. Likita yana hanya, zai kira. Sai ya duba Kaka ya tabbatar kafin a yi komai."

"Gwaggo fa, ta sani?"

"Tukuna. Babanki zai je shagonta da kansa."

Auta ta zauna a falo da wayar a hannunta. Tana so ta yi wa Kaka wani abu. Sai ta nemo hotonsa yana dariya, ta rubuta, "Allah ya jiƙan Kakana." Ta tura wa dangi duka.

Nan da nan waya ta fara ƙara ba ƙaƙƙautawa. Likita ya yi ta kira bai samu shiga ba. Can sai ga muryar mai shagon da ke kusa da na Gwaggo.

"Ku zo asibiti. Gwaggonku ta duba wayarta ta yanke jiki ta faɗi. Goshinta ya bugi keken ɗinki."

Auta ta ruga ta gaya wa Baba. Da Baba ya tambayi wanda ya tura saƙon, ta sunkuyar da kai. "Ni ce, Baba."

Bai yi faɗa ba. Ya ce, "Sa takalminki, tare za mu."

Sun sami Gwaggo zaune da bandeji a goshi, idanunta jawur.

"Ni kaɗai ce a shago," in ji ta a hankali. "Babu ko wanda zan riƙe."

Auta ta fashe da kuka. "Ki yafe min, Gwaggo. Addu'a na so in yi masa."

Gwaggo ta jawo ta jikinta. "Na sani, 'yata. Shi ma da yana nan, cewa zai yi kin gado gaggawarsa."

Har Baba sai da ya murmusa. Ya dafa kan Auta ya ce, "In aka yi rasuwa, komai bi da bi ake yi. A kira likita. A sanar da na kusa baki da baki, a zauna tare da su. Daga nan a gaya wa sauran."

Su uku suka koma gida, Gwaggo na riƙe da hannun Auta. Auta ta shimfiɗa wa baƙi tabarmi, ta kai musu ruwa. Duk abin da za ta yi, sai ta tambayi Mama.

A ranar ta gane cewa kyakkyawar niyya kaɗai ba ta isa ba. Labari mai nauyi, sannu ake kai shi, kuma manya ake bari su kai.