Cikin Da Aka Ce Ya Kwanta

"Bayan girbi kuma? Wane girbin, Malam?"

Takardar asibiti na hannuna, ina tsaye a ƙofar ɗaki, mijina Sufyanu kuwa ya duƙufa ɗaure takalmi kamar ba da shi nake ba.

"Zuhurata, ki yi haƙuri. Mu kwashe shinkafar Bakalori tukuna..."

"Bara ka ce bayan Sallah. Sallah ta wuce ka ce bayan damina. Ni shinkafa ce da za a jira in nuna?"

Ya ci gaba da ɗaure takalminsa. Wallahi wannan biris ɗin nasa ya fi zagi ƙona min rai!

Shekararmu shida da aure, ko ɓatan wata ban taɓa yi ba. Shekara biyu da suka wuce sai cikina ya fara tasowa. Kai, zo ka ga murna! Aka ƙirga wata tara, aka ƙirga goma, shiru. Jini kuwa bai taɓa ɗaukewa ba, ƙaruwa ma ya yi. Da muka je asibiti nan Mafara likita ta yi hoto, ta ce babu ɗa, ƙari ne a mahaifa har guda uku, babban ya kai ƙwaryar fura. Ta ce sai aiki. Za ta yi iya ƙoƙarinta ta cire ƙarin ta bar mahaifa, amma in jini ya ƙi tsayawa, dole a cire duka. Haka aka rubuta a takardar, da wurin sa hannuna da na mijina.

Uwar mijina kuwa, Inna Baraka, daga ƙauyensu Dakko ta yanke nata hukuncin: ciki ne ya kwanta, in lokacinsa ya yi zai tashi. Sufyanu yana zaune likita ta yi bayani, da kunnensa ya ji, amma ya kasa buɗe baki ya gaya wa uwarsa gaskiya.

Ni ma ban wanke kaina ba. Da fari na ji daɗin a ce min mai ciki, a ba ni gidan gaba a mota, mata su daina kallona da tausayi a gidan suna. Amma yanzu sai in kwana goma sha biyu ina zubar jini. Makon jiya ina rubutu a allo jiri ya kwashe ni, na faɗi a gaban 'yan aji huɗu.

Na ce, "In ba ka sa hannu, gobe zan tafi Maradun, Bappa, uban da ya haife ni, ya sa min. Ai kafin in zama matarka ɗiyar wani ce!"

"Haba Zuhura, har ta kai..."

"Salamu alaikum!"

Inna ce, da gora a hannu, ta sha hanya tun daga Dakko. Na shimfiɗa mata tabarma na durƙusa, cikin nan ya tokare ni har numfashi na sarƙewa.

"Inna, an zo lahiya? Ya hanya?"

"Lahiya lau, ɗiyata."

"Ya mutanen gida? Ya su Baba?"

"Suna gaishe ku. Ya nauyin jiki?"

"Da godiya, Inna."

Ta turo min gorar. "Ga shi, wanga daban ne. Daga wajen wata tsohuwa ta bayan Bakura na amso shi. Kwana bakwai ki sha, in sha Allahu shina motsawa."

Gora ta tara ke nan. Na sha saiwa, na sha rubutu, na yi hayaƙi har idona ya yi ja. Na dubi Sufyanu, shi kuma ya dubi takalminsa. A nan haƙurina ya ƙare. Kunyar suruka da na riƙe shekara shida, na ajiye ta gefe.

"Inna, ki gafarce ni, ba zan sha ba. Babu ɗa a cikin nan. Ƙari ne, kuma aiki za a yi min."

Ta dafe ƙirji. "Innalillahi! Yanka? Jikan nawa za ku ba su su yanka? Ke, kina da hankali kuwa?"

"Likita ta yi hoto..."

"Likita mi ta sani ga kwantaccen ciki? Injinsu shina ganin ikon Allah? Mu mun gani da idonmu! Yayata Lailatu, uwa ɗaya uba ɗaya, shekara bakwai cikinta shina kwance. Duk Dakko babu wanda bai sani ba!"

Ban taɓa jin sunan ba. Allah ya sani ba don rashin kunya na tambaya ba, wani ɓangare na zuciyata so yake ta ce min an haifi ƙaton namiji.

"To Inna, da ya tashi, me ta haifa? Mace ko namiji?"

Ta gyara mayafi.

"Ba ta kai ga haihuwa ba. Allah ya amshi abinsa da cikin a jikinta."

"Tana zubar jini?"

"Ai kwantaccen ciki shina haka..." Muryarta ta yi ƙasa. "Ni ka wanke mata zannuwa. Kullum."

"Tana jiri? In ta tashi sai ta dafa bango?"

Na miƙa mata hannuwana biyu na buɗe. Ta daɗe tana kallon tafin, fari fat kamar an wanke shi da toka. Ta jawo ni kusa, ta sa yatsa ta ja fatar idona ƙasa.

Ta juya wajen ɗanta. Ɗan fari ne, ba ta kama sunansa.

"Kai. Da kunnenka ka ji likita ta hwaɗi haka?"

"Na ji, Inna."

"Yaushe?"

"Tun... tun bara."

"Tun bara! Ka bar ni ina yawo ƙauye-ƙauye ina ɗura wa ɗiyar mutane jiƙo? Ni ban yi boko ba, abin da na gani ga iyayena na riƙe. Kai fa, mi ya hana ka?"

Sufyanu ya zame daga kujera ya zauna a ƙasa. Ban taɓa ganin hawayensa ba sai ranar.

"Takardar ta ce ana iya cire mahaifar, Inna. In na sa hannu, da hannuna na hana ta haihuwa ke nan har abada. Zuhura, ta yaya zan kalle ki bayan haka? Kuma in kika shiga ɗakin nan ba ki fito ba fa? Wallahi ba ɗa nake tsoron rasawa ba, ke ce, rabin raina..."

Zuciyata ta karye, amma haushi bai sake ni ba.

"Au, tsoro kake ji? Ni ba na ji? Jikina fa za a tsaga! Ni ce zan farka in tambaya ko an bar min mahaifa! Shekara guda kana tsoronka a ɓoye, ni ina nawa ni kaɗai, ina zubar da jini a gabanka. Da ka ce min tsoro kake, ai da mun ji shi tare!"

"Ki yafe min, Zuhurata."

"Ba yau ba. Ba ni biro."

Ya zaro daga aljihun gaba. Na ɗora takardar a kan cikin nan da ya ci min shekara biyu, na sa hannuna. Na miƙa masa. Ya share ido da hannun riga ya sa nasa a ƙasan nawa.

Ranar Alhamis da safe aka sa aikin. Sufyanu ya ba da jininsa leda guda, Bappa ya zo daga Maradun da yayana, yayan nawa ya ba da ta biyu. Inna kuwa tunda ta zo ba ta koma Dakko ba. Kwana biyar ita ke dafa min zogale da hanta, ita ke wanke min zannuwa, na hana ta ƙi.

Da aka gungura ni zuwa ɗakin tiyata, Sufyanu yana riƙe da hannuna na dama yana ta addu'a, bakinsa na harɗewa. Na matse yatsunsa.

"Na yafe, Malam. Ko da mahaifa ko babu, kada in farka in ga ba ka nan."

"Ko ƙofar nan ba zan matsa ba."

A bakin ƙofa likita ta ce 'yan rakiya su tsaya. Sai Inna ta riƙo gefen rigarta.

"Likita, don Allah alfarma ɗaya."

"Faɗi, Mama."

"Ki hiddo min ɗiyata da rai. Shi kuma abin, in kun cire shi, kada ku yar sai kun nuna min." Ta goge ido da bakin mayafi. "Shekara arba'in ina yi wa ɗan Yaya Lailatu addu'a. Ina son in ga abin da ya kashe ta."