Ƙwaryar Farko

Saudatu ta fara ganin Maliki ne yana fitowa daga rijiyar da ya gina a Kurawa, duk jikinsa laka. Ya ɗebi ƙwaryar farko ya zubar a ƙasa.

"Ta masu wurin ce," ya ce mata da murmushi.

Shekara tara ke nan. Bana sama ta ƙi, rijiyoyi sun ƙafe, ciwo ya kwantar da Maliki, wanda yanzu shi ne mijinta. Kwana uku rabonsa da abinci. Ƙafafunsa sun yi sanyi. Yana ta gaida mahaifiyarsa da ta daɗe da rasuwa.

"Ki yi min alkawari, ke za ki laƙanta min shahada," ya ce mata.

"Bari wagga magana, Malam," ta ce, ta ɗauki tulu ta fita. Leɓunansa sun tsage, randa kuwa ba ko ɗigo.

Rana ta yi ja lokacin da ta isa busasshen gulbi. Ta durƙusa gaban ramin da ake tona cikin yashi. Ruwan bai fi ƙwarya biyu ba. Wa zai zubar da ɗaya a wannan fari? Ta juye duka cikin tulu.

Sai ƙwari suka yi shiru.

Warin laka ya taso, irin na sabuwar rijiya. Daga cikin ramin ta ji numfashi. Ya ja da kakari. Ya tsaya. Ya sake ja.

Numfashin Maliki ne.

"Saudatu," aka raɗa. "Ina tawa?"

Tulun ya yi nauyi. Wani abu mai sanyi ya kama idon sawunta.

Ta yi a'uziyya, ta karkata tulun, rabin ruwan ya zube. Yashi ya shanye da ƙarar maƙwarwa. Aka sake ta.

Ta ruga, ba waiwaye.

Ta iske Maliki ido rabi a buɗe, ƙirjinsa tsit. Ta ƙirga har goma kafin ya sake jan numfashi.

"Wata ta shigo da fuskarki," ya ce da ƙyar. "Ta miƙo ruwa. Ban sha ba. Ba ta yi sallama ba."

Tun daga ranar ba wanda ya ƙara samun ruwa a ramin nan.

Ita kuwa ta jiƙa auduga ta shafa masa a leɓe, ta juya shi gabas, ta riƙe hannunsa.

"Na yi alkawari, Malam. Ba ni ƙara tashi. Ni za ni faɗa, kai ka bi."