Malam, Ina da Tambaya

"Gobe ɗakin baya za mu kai shi, mu ja ƙofa. In sun tambaya, a ce ya yi tafiya."

Gwaggo ce ta faɗi haka tana goge teburin falo, ba ta ko ɗago kai ba. Auta, wadda ke sa wa kujeru sababbin riguna, ta tsaya cak.

"Haba Gwaggo! Baba fa? A cikin gidansa?"

"Rufe min baki! Yayana ne kafin ya zama ubanki, kuma ba ki fi ni son sa ba. Amma uwar saurayin nan naki da za ta zo, ido gare ta. Ta ga yana sa buta a firji, ko ya kira ki da sunan marigayiya uwarki, me kike zato za ta ce?"

"Likita ya ce ciwon mantuwa ne, ba hauka ba."

"Likita zai bi ta gida ya yi mata bayani? Cewa za ta yi a jininku yake, ta ja hannun ɗanta su tafi. Ke kuma ki zauna ki yi ta kuka."

Auta ta ci gaba da sa wa kujerun riguna. Daga tsakar gida tana jiyo muryar Baba yana juya ƙwallon duniyarsa na roba, wanda ya koɗe don tsufa. Ya daɗe yana koyar da labarin ƙasa a sakandare, har ɗalibai suka sa masa suna Malam Taswira. Tun yana da lafiya yake da ɗabi'a ɗaya: baƙo ba ya zama a falonsa sai ya amsa tambaya. Tarihi, kimiyya, labarin ƙasa, duk wadda ta zo bakinsa. Yana kiran ta kuɗin kujera.

Ta haka ma Auta ta haɗu da saurayinta. Ya zo sa musu sola a rufin gida, ya sauko da gumi yana neman wurin zama, Baba ya tare shi.

"Samari, a wace ƙasa aka fara yin takarda?"

"A... kantin littattafai, Baba?"

Auta ta yi dariya har ta zubar da ruwan da ta kawo. Bayan 'yan kwanaki sai ga shi ya dawo, wai duba batir, ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Ƙasar Sin!" Baba ya ba shi kujera. Tun daga nan batirin gidan bai daina bukatar dubawa ba, unguwa kuma ta sa masa Mai Sola.

Amma a bana abubuwa sun canja. Baba ya manta hanyar banɗaki, ya manta ya ci abinci, wani lokaci ya dubi Auta ya tambaye ta 'yar wane ce. Tambayoyinsa kaɗai suka rage masa cif. Tunda abin ya tsananta, Auta ta daina shigo da Mai Sola, sai su yi magana a ƙofar gida. In ya tambayi Baba ta ce yana barci. Sau da yawa ta buɗe baki za ta faɗa masa, tsoro ya hana ta. Yanzu ga shi zai kawo mahaifiyarsa ta ga gidan.

Washegari da rana hadari ya haɗu. Gwaggo ta lallaɓa Baba zuwa ɗakin baya, ta ajiye masa shayi, ta miƙa masa ƙwallon duniyarsa. Auta na tsaye a bakin ƙofa.

"Yau ba makaranta?" ya tambaye ta.

"Babu, Baba. Ka huta."

Da hannunta ta ja ƙofar. Gwaggo ta zura sakata.

Baƙi suka iso. Mahaifiyar Mai Sola doguwa ce, mai gilashi, ba ta cika magana ba. Ta zauna ta dubi taswirar da ke bango, ta dubi littattafan da ke jere a kan kanta.

"Ina maigidan? Wannan yaron ya cika min kunne da labarinsa. Har karatu ya sa ni na yi, wai kada in rasa kujera."

"Ai ya yi tafiya," in ji Gwaggo da sauri. "Ta gaggawa."

Mai Sola ya dubi Auta. Ita kuma ta sunkuyar da kai, ta tashi wai za ta kawo lemo. Ƙafafunta ba su kai ta kicin ba, ɗakin baya suka nufa. Sakatar na nan yadda aka bar ta. Ta zare, ta tura.

Shayi na nan bai taɓa ba. Ƙaramar ƙofar da ke fita lungu, wadda aka daɗe ba a buɗe ba, tana hangame, iska na kaɗa ta. Babu Baba, babu ƙwallon duniya, babu tsohuwar kwat ɗinsa ta koyarwa da ke rataye a ƙusa.

Lungun nan babban titi yake fita, inda manyan motoci ke gudu ba sa taka birki.

Auta ta dafa bango. In ta koma falo ta yi murmushi, wataƙila Gwaggo ta aika a nemo shi a ɓoye, aurenta ya tsira. Sai ta ji ƙarar hon na wata babbar mota daga nesa, doguwa, mai tsinka zuciya.

Da gudu ta faɗa falo.

"Baba bai yi tafiya ba! Mu muka kulle shi! Ciwon mantuwa yake yi, kuma ya fita, ya nufi titi!"

"Auta!" Gwaggo ta daka tsawa, ta dafe ƙirji.

Auta ba ta tsaya ba, ko takalmi ba ta sa ba. Tana jin Mai Sola a bayanta yana cewa, "Mama, ga makulli, ki biyo mu da mota!"

Suka bi lungun, suka wuce shagon aski, suka wuce mai faci. "Wani tsoho da ƙwallo? Ya yi can!" in ji mai facin. Iska ta taso, ledoji na tashi sama. Da suka fito bakin titi Auta ta ƙwalla ƙara.

Baba na tsaye a kan siririn dakalin da ya raba titin biyu, kwat a jikinsa, ya rungume ƙwallon duniya. Motoci na wucewa gabansa da bayansa, iskarsu na kaɗa shi. Yadda ya kai can, Allah kaɗai ya sani.

Suka samu rata suka tsallaka. Auta ta miƙa hannu.

"Baba, ni ce. Zo mu tafi gida."

Ya ja da baya, idanunsa cike da tsoro. "Wace ce ke? Kada ki taɓa ni! Na makara, yara na jira na a aji!"

"Baba, don Allah..."

Walƙiya ta haska, tsawa ta biyo baya. Baba ya firgita, ya juya, ya sauke ƙafa ɗaya kan kwalta. Wata tanka na tahowa, direban na ta danna hon. Auta ta kasa motsi. In ta cafke shi zai fizge, in ya fizge gaba zai faɗa.

Sai Mai Sola ya ɗaga hannu sama, yatsa a miƙe, kamar ɗan aji.

"Malam! Malam, ina da tambaya!"

Ƙafar Baba ta tsaya.

"Malam, me ya sa muke ganin walƙiya kafin mu ji tsawa?"

A hankali Baba ya waiwayo. Ya maido ƙafarsa kan dakali. Tankar ta wuce da ƙugi, iskarta ta ɗaga gefen kwat ɗinsa.

"Tambaya mai kyau," ya ce, yana gyara wuyan riga. "Tare suke faruwa. Amma haske ya fi sauti gudu nesa ba kusa ba, don haka shi ke fara isowa."

"Ban ji ba, Malam, motoci sun yi yawa. Ko za ka matso?"

"Kai dai kullum kunnenka a toshe!" Baba ya tako zuwa gare shi. Mai Sola ya riƙe hannunsa, yana tambayar wane teku ne ya fi girma, Baba na cewa Pasifik, yana nuna masa a ƙwallo. A haka suka tsallake, Auta na tare motoci da hannu, hawaye na zuba.

Mahaifiyar Mai Sola ta riga ta faka a gefen titi, ta ga komai. Ta buɗe musu ƙofa suka shiga. A hanyar gida Baba ya tambaye ta kogin da ya fi tsawo a Afirka.

"Nilu," ta ce, idonta na kan hanya.

"Kin ci kujera."

Bayan Baba ya kwanta, suka koma falo. Gwaggo na ta murza gefen mayafi. Auta ta durƙusa, tafin ƙafarta na jini.

"Mama, ku yafe mini. Tsoro na ji kada ku ce hauka ne a jininmu." Ta juya ga Mai Sola. "Kai ma sori. Na ɓoye maka."

"Na sani tuntuni," ya ce a hankali. "Ranar ƙarshe da na shigo, tambaya ɗaya ya yi ta maimaita min, ni kuma ina ta amsawa. Jira nake ki yarda da ni ki faɗa."

Mahaifiyarsa ta cire gilashi ta goge.

"Ba zan ɓoye miki ba, raina ya ɓaci. Ciwo ba wanda ya fi ƙarfinsa, ni ma ban san yadda tsufana zai zo ba. Sakatar nan ce ta tsaya min a rai. Da kin dawo da lemo kina murmushi, daga baya na ji labari, wallahi da ba ki ƙara ganin ƙafata ba. Wadda za ta kulle ubanta don baƙi, ni ma wata rana za ta kulle ni."

Gwaggo ta fashe da kuka. "Laifina ne, Hajiya, ni na sa ta."

"Na gane. Amma na ga yarinyar da ta san maganar na iya raba ta da ɗana, ta faɗe ta, ta fita ba takalmi. Tashi, 'yata. Kai kuma miƙo ruwan ɗumi a wanke mata ƙafa, ka tsaya kana kallo kamar gunki!"

Bayan aure, kusa da gidan Baba suka kama haya. Mai Sola da kansa ya cire sakatar ɗakin baya, ya toshe ƙofar lungu, ya sa ƙararrawa a ta gaba. Kullum da yamma sukan zo. Wata rana Baba ya gane su, wata rana bai gane ba, amma ba ya fasa karɓar kuɗin kujera. Su kuma suna amsawa kamar yau suka fara jin tambayar.

Ciwon iyaye ba abin kunya ba ne, ɓoye su ne abin kunya. Ƙaryar da tsoro ya sa aka yi don tsare soyayya ta kusa cinye rai da soyayyar gaba ɗaya, gaskiya da haƙuri ne suka maido su. Wanda ke son ki tsakani da Allah, ba zai guje ki don ya ga raunin gidanku ba. Zai shigo, ya ɗaga hannu, ya amsa tambayar ko sau nawa aka yi ta.