Inuwar da ba tata ba

"A'a, Yaya! Na ce ba zan dawo gidanka ba... Eh, na ji, ya gudu ya bar ni. Sau nawa za ka faɗa? Wasan yara? To, bar ni da wasan yaran nawa!"

Auta ta kashe wayar, ta jefa ta kan katifa, sannan ta bi ta da gudu ta ɗauka ta duba ko ta fashe.

Fushin yaran yanzu ke nan. Iyakarsa gilashin waya.

Kullum rana tsaka takan baro shagon ɗinki ta zo gida ta ba Kaka maganin ƙafa. Awa guda gare ta. Maganin minti biyar yake ci. Sauran kuwa sai ta zauna bakin gado, ƙarƙashin fankar nan mai kukan tsohuwar akuya, ta shiga kumbo ta tafi sararin samaniya. A cikin waya dai.

Dogo mai gyaran waya ne ya koya mata wasan. Duniyoyi ne a ciki ba iyaka, kowa da ɗan mutum-mutuminsa, ka sauka inda ka ga dama. Su biyu suka tsinto wata duniya da ba wanda ya taɓa takawa. Ranarta shuɗiya ce, yashinta na ƙyalli kamar an daka madubi an watsa, inuwar mutum kuma ja ce, maimakon ta guji rana sai ta miƙe ta nufe ta.

"Kuskuren masu haɗa wasan ne," in ji Dogo ranar.

"Kar su gyara," ta ce.

"Ba za su sani ba, hasken idona. Ni da ke ne kawai."

In sun haɗu can, tsalle biyu ne gaisuwarsu.

Sai Yaya ya ji labari. Ya je har shagon Dogo, a gaban mutane, ya ce ƙanwarsa ba ta auren ƙato mai wasan yara. Kwana biyu bayan nan Dogo ya ɗauke ɗif. Ba kira, ba saƙo. Kwalisa, wadda keken ɗinkinta ke kusa da na Auta a shago, ita ta kawo bayani tana goge ido da ƙyallen yadi.

"Ƙawata, ya ce ya haƙura. Wai kar ki neme shi... Maza fa!"

Auta ba ta neme shi ba. Tana da zuciya, irin ta gidansu.

Amma duniyar nan ba ta daina zuwa ba. Ta sauka, ta tsaya bakin wani dutse. Tun ranar da ya ɗauke kuma hasken ya ƙara wani sabon iskanci: inuwa biyu yake ba ta. Tata, da wata doguwa a gefe. Ta ce a ranta ko wasan ma tsokanarta yake.

Kwana arba'in da ɗaya ana haka.

Ranar da suka yi wannan faɗa da Yaya, da safe Kwalisa ta ce mata, tana saka zare a allura ba ta ko ɗago ba, "Kin ji Dogo gobe zai rufe shago ya bar garin?"

Shi ya sa hawayen yau suka fi na kullum yawa.

"Ke, matso da abin nan," in ji Kaka daga kan tabarma. "Kullum ki zauna kina yi wa gilashi kuka. In ga mijin da ke ciki."

"Kaka, ba za ki gane ba..."

"Eh, ban yi boko ba. Ido dai ban sayar ba. Kawo."

Ta karɓa, ta nisanta da fuskarta, ta ƙanƙance ido.

"Wannan 'yar tsanar ke ce?"

"Ni ce."

"Kin rame a can ma. Rana nawa gare su?"

"Ɗaya."

"Rana ɗaya, inuwa biyu?"

"Haka hasken wurin yake, Kaka. Kuskure ne."

"Uhm. Zaunar da ita."

"Me?"

"'Yar tsanar. Ta zauna. Ko ba ta da gwiwa?"

Auta ta danna. 'Yar tsana ta zauna, inuwarta ta naɗe ta zauna tare da ita.

Doguwar tana nan tsaye.

"Shekarata tamanin ina jan inuwa," in ji Kaka, "ban taɓa zama ta ƙi zama ba. Wannan da mai ita."

Auta ta fizge wayar.

Ta tayar da 'yar tsanar. Ta yi tsalle ɗaya... ta yi na biyu.

Ta jira.

Fanka na ta kukanta.

Sai doguwar inuwar ta ɗaga sama. Ta dawo. Ta sake ɗagawa.

"Wayyo Allah! Kaka! Shi ne!"

"Da wa kike zato? Ni?"

Ta shiga neman sunansa a wayar har ta kai wurin da ake ajiye sunayen waɗanda aka toshe. Ga sunansa. A wasan, a kira, a saƙo, ko'ina. Ga kuma ranar da aka yi: ranar da Kwalisa ta ari wayar wai za ta ɗauki hoton wata riga.

Ashe in ka toshe mutum a wasan, jikinsa ne ke ɓacewa. Masu haɗawa sun manta da inuwa.

"Kwalisa?" in ji Kaka. "Mai kai wayarta gyara sau uku a sati? Ni dai na ce wayar nan ta fi ni ciwo."

Auta ta cire toshewar. Nan take ya bayyana kusa da ita, tsaye, da 'yar jakarsa a baya. Kafin ta share ido waya ta yi ƙara.

"Auta..."

"Kana ganin inuwata duk kwanakin nan?"

"Kullum."

"Ka kasa motsi? Ka kasa ko tsalle ɗaya?"

"An ce min kin ce ko sunana ba kya son ji. Na ji tsoro in na motsa ki gane ni ne, ki daina zuwa." "Gara inuwar da babu, Autata."

"Wawa..." ta ce, tana kuka tana dariya. "Wawana. An ce gobe za ka tafi."

"Na ɗaure kaya."

"Kwance."

"Yayanki fa?"

"Ka kwance na ce!"

"A gaya masa ya zo ya gaishe ni," in ji Kaka da ƙarfi. "Da jikinsa. Ba na karɓar inuwa."

Ba ta koma shago da wuri ba ranar. Da ta koma, ta ja kekenta zuwa ɗaya bangon, nesa da na Kwalisa. Ita kuwa Kwalisa ta duƙufa kan ɗinkinta. Allura dai ta soke ta sau biyu.

Da yamma Yaya ya sake kira. Auta na tsaye bakin taga, ta bar shi ya yi ta yi har ya gaji.

"Ka gama? Eh, shi ɗin dai... Eh, mai wasan yaran. Yaya, tsaya ka ji. Kwana arba'in da ɗaya mutumin nan yana barin aikinsa ya zo ya tsaya kusa da ni. Ba na ganinsa, ban san yana nan ba, an ce masa na tsane shi, bai fasa ko rana ɗaya ba. Kai da ka san inda nake, ka san ina kuka, sau nawa ka zo?"